Baƙin itace a tsakar gida

Maganarmu ta yau a kan baƙin itace take, irin waɗanda mutum yake dasawa a gidansa don ya ci ɗiyansu: mangwaro, lemu, gwaiba da gwanda.

Wani zai ce: «Mangwaro ne baƙo? Ai tun ina yaro nake shan shi.» Gaskiya ne. Amma kakannin kakanninmu ba su san shi ba. Itacenmu na asali su ne gawo, kuka, aduwa, magarya, kanya, tsamiya da ɗanya. Waɗannan babu mai ba su ruwa, kuma ba su mutuwa da rani. Mangwaro kuwa ɗan ƙasar Indiya ne da maƙwabtanta. Lemu ma daga Asiya ya fito. Gwaiba da gwanda daga ƙasashen Amurka masu zafi sunka zo, wajen Meziko. Jiragen ruwan Turawa, musamman ƴan Fotigal, su sunka riƙa ɗaukar irin waɗannan tsirrai daga wata nahiya zuwa wata tun shekarun 1500. Harshenmu ma bai manta ba. Muna da gwandar daji, wadda take tamu. Da baƙuwar ta zo, sai anka raɗa mata suna gwandar Masar.

Me ya sa muke faɗa muku wannan tarihi? Don ku san halin baƙon da za ku saukar. A ƙasashensu ruwan sama ya fi namu yawa, kuma ya fi namu daɗewa. Da anka kawo su nan, halinsu bai sake ba. Mai son su sai ya cika musu abin da damanarmu ta rage.

Fara da lissafin ruwa

Ma'aikatan noma da milimetir suke auna ruwan sama. Milimetir 1 shi ne litir 1 na ruwa a kan fili mai metir 1 tsawo, metir 1 faɗi. A shekara mai matsakaicin ruwa, Gaya takan samu wajen milimetir 800. Yamai da Maraɗi, 500 zuwa 550. Damagaram da Tawa, wajen 400, wata shekara ma bai kai ba. Kuma duk wannan cikin wata 3 ko 4 yake zuba. Mangwaro yana jin daɗi inda ruwa ya kusa 1000. Shi ya sa kuke ganinsa da yawa a Gaya, da bakin Gulbin Maraɗi, da garake na Mirya da Matamai. A fadama ruwa yana kusa, saiwa tana iske shi. A kan jigawa kuwa, inda rijiya take gaba 20, icce ba shi da kowa sai kai.

To, ɗauko alli da allo mu yi lissafi. Ƙaramin dashe yana son bokiti 2 na litir 10 kowane kwana 3. Litir 20 ke nan. A wata ɗaya za ka ba shi sau 10. 20 sau 10, litir 200, wato tano ɗaya cike. Daga ɗaukewar ruwa zuwa faɗuwar wani ruwan, wata 8 ne. Icce ɗaya, tano 8. Icce 5, tano 40. Da bazara, in zafi ya tsananta, ƙasar rairayi tana neman fiye da haka.

Yanzu tambayi kanka: wa zai ja wannan ruwa? A gidaje da yawa maigida ne yake sayo dashe, amma uwargida da yara suke zuwa rijiya. In ba a yi shawara da su ba, ranar da aiki ya yi yawa icce za a fara mantawa. Babu mai laifi, tukunya tana gaba da mangwaro. Mu a ganinmu, icce 2 da anka riƙe har sunka girma sun fi 10 da anka dasa da murna sunka bushe cikin watan Afrilu. Wanda ya sayi 10 ya yi hasarar kuɗi, ya yi hasarar taki, kuma gobe in an ce masa ya dasa icce sai ya ce ƙasarsa ba ta karɓa.

Akwai ruwan da muke zubarwa kullum a banza. Ruwan alwala, ruwan wankin hatsi, ruwan ɗaurayar ƙwarya: duka icce yana so. Dasa lemu kusa da inda ake alwala, ka ga yadda zai yi kyau. Amma kar a zuba masa ruwan wanki mai omo ko jabel, ko ruwan da anka sa gishiri. In rijiyarku mai kanwa ce, lemu zai sha wuya, bakin ganyensa zai riƙa ƙonewa. A irin wannan wuri gwaiba da dabino sun fi haƙuri.

Wane icce za ka zaɓa?

In kana gaugawa, gwanda. Tana bada ɗiya kafin shekara ta cika, ko da ta cika kaɗan. In ruwanka kaɗan ne, gwaiba ko lemun tsami. In kana da fili da haƙuri, mangwaro. Ayaba kuwa mashayiya ce ƙwarai, kuma iskar hunturu tana yayyaga ganyenta. Sai mai fadama ko mai pampo a gida. Tuffa irin wadda ake kawowa cikin kwali daga ƙasashen waje tana son sanyi mai tsawo kafin ta yi fure. Kar ka ɓata kuɗinka a kanta. Kar kuma wani ya ce maka ai a Timiya, cikin duwatsun Abzin, ana samun lemun zaƙi da rumman masu kyau, don haka kome zai yi ko'ina. Timiya tana kan tudu, tana da sanyi, kuma garakenta suna shan ruwan rijiya kullum.

Maganar aure

Ku saurara da kyau a nan, don nan ne mutane da yawa suke hasarar shekaru.

Mutum ya sha mangwaro mai daɗi, babba, marar zare. Sai ya ce bari in shuka ƙwallon. Ya yi ta ban ruwa shekara 6, shekara 7. Ranar da icce ya haihu, sai ga ɗiya ƙanana, ko masu tsami, ba su kama da abin da ya sha ba. Ƙwallon mangwaro na gida, ƙarami mai zare, yakan fito kamar uwarsa. Amma manyan iri, kamar su Kent da Keitt, waɗanda anka fitar a Fulorida ta ƙasar Amurka, ƙwallonsu ba ya riƙe kamar uwa. Ba ka san abin da zai ba ka ba.

Maganin wannan shi ne aure. A garake za ku ji ana cewa gerefe. Ana shuka ƙwallon mangwaro na gida, mai ƙarfin saiwa. In ya kai kaurin alƙalami, sai a yanko ɗan reshe daga iccen da anka san ɗiyansa, a fere shi, a tsaga kan ƙaramin, a haɗa su ɓawo da ɓawo, a ɗaure da leda. In sun kama, sun zama icce ɗaya. Ƙasa na gida ne, mai jure wuya. Sama kuwa iri mai kyau ne. Mangwaro mai aure yana fara haihuwa cikin shekara 3 ko 4, kuma ka san abin da zai haifa. Haka ake yi wa lemun zaƙi.

In za ka saya, je wurin masu renon itace da anka sani, ko ka tambayi malamin gona ko ma'aikacin gandun daji na yankinku. Dashe mai aure ya fi tsada, amma shekara 3 na jan ruwa sun fi wannan bambanci tsada. Duba jikinsa. Za ka ga tabo, wani ɗan gwiwa, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa. In babu tabo, babu aure, kome mai sayarwa ya rantse. Duba gindin leda kuma. In saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa, ko ta nannaɗe kamar gammo, bar shi. Ƙarami mai lafiya ya fi dogon da ya tsufa cikin leda.

Aure bai tsaya ga baƙin itace ba. Magaryarmu ma ana yi mata. Akwai wata magarya ta Indiya mai manyan ɗiya, kamar ƙwan zabuwa, wani ma ya fi. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da take Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa ta a ƙasarmu cikin shekarun 2000. Ana ce mata Pomme du Sahel, wato tuffar Sahel. Ana ɗora reshenta a kan magaryar gida. Tunda saiwar tamu ce, ba ta neman ruwa kamar mangwaro. Wanda yake zaune a kan tudu, inda rijiya take da zurfi, ya yi tunanin wannan kafin ya yi tunanin wani.

Rami da dashe

Zaɓi wuri tukuna. Ƙaramin dashen da kake riƙe da hannu ɗaya, nan da shekara 15 zai rufe rabin gida. Mangwaro ya yi nesa da bango, da rijiya, da salga, aƙalla taki 5 ko 6 na babban mutum. Tsakanin mangwaro da mangwaro, metir 8 zuwa 10. Lemu da gwaiba, metir 5. Gwanda, metir 2 zuwa 3. Kar ka dasa ƙarƙashin dogon yaro. Shi ma baƙo ne daga Indiya, amma baƙon da ya zama ɗan gari: saiwarsa za ta shanye ruwan da ka zuba, inuwarsa ta danne ƙaramin.

Gina rami tun da bazara, wata guda kafin dashe. Kamu ɗaya da rabi faɗi, kamu ɗaya da rabi zurfi, wajen santimetir 70 ke nan. Ƙasar sama ka aje ta dabam, ta ƙasa dabam. Gauraya ƙasar sama da kwando 2 na taki da ɗan toka, ka maida cikin rami. Taki ya zama ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi ya huce. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, kuma yana kiran gara.

Lokacin dashe shi ne in damana ta zauna, cikin watan Yuli, wata na 7. Icce zai samu wata 2 ko 3 yana shan ruwan Allah, saiwarsa ta kama kafin rani. Ka dasa da marece. Yanke leda da reza, ka cire ta duka, kar ƙasar da take riƙe da saiwa ta watse. Kar ka binne wuyansa. Inda ƙasa ta tsaya masa cikin leda, nan za ta tsaya cikin rami. Tabon aure kuma ya kasance a sama, iska tana bugunsa. Danna ƙasa da ƙafa a hankali, ka ba shi bokiti 2.

Ranar nan da ka dasa, ranar za ka yi shinge. Kar ka ce gobe. Akuya tana gama aikin shekara guda kafin ka gama shan fura. Kewaye shi da darni na kara, ko tsohuwar zana, ko tubali da anka jera da tsakani, ka sa ƙaya a waje. Darni yana da wani amfani: yana tare iskar hunturu da take busowa daga gabas maso arewa, yana kuma rage zafin ranar la'asar. Bar sama a buɗe, icce yana son haske.

Yadda ake ba shi ruwa

Yayyafi kullum ba shi da amfani. Yana jiƙa sama kaɗai, saiwa ta taso sama tana nemansa, rana ta ƙona ta. Ba shi da yawa, ka bar shi kwana 2 ko 3, saiwa ta bi ruwa ƙasa. Da sassafe ko da marece. Yi masa kwari kewaye, amma ka tara ɗan tudu a gindinsa, kar ruwa ya kwanta jikin icce. Lemu ya fi kowa ƙin wannan: in gindinsa yana jiƙe kullum, ɓawo ya kan tsage ya riƙa fidda ƙaro, daga nan sai mutuwa. In icce ya girma, ka riƙa faɗaɗa kwarin, don saiwar da take sha tana ƙarƙashin bakin rassa.

Rufe kwarin da ciyawa ko busasshen ganye, kauri kamar yatsa 4, amma kar ya taɓa jikin icce. Ƙasar da anka rufe tana riƙe laima kwanaki.

Ga wata dabara mai rage wahala. Nemo tulu na ƙasa, sabo ko tsoho, wanda yake tsatsafo. Binne shi har wuya, taƙi 2 daga gindin dashe. Cika shi da ruwa, ka rufe bakinsa da kasko. Ruwa zai riƙa fita a hankali ta jikin tulu, daidai inda saiwa take, rana ba ta shan kome. Sai ka riƙa leƙawa kana ƙarawa. Rufewar nan wajibi ce. Ruwan da anka bari a buɗe, cikin kwana 10 sauro ya ƙyanƙyashe a ciki, ka nemi lemu ka samu zazzaɓi.

Bayan shekara 2 ko 3, in ruwan ƙasa yana kusa, mangwaro zai fara neman na kansa. Babban mangwaro ma yana son a ɗan ƙyale shi bayan damana. Wannan hutu shi yake sa ya yi fure sosai da ɗari, ɗiya su nuna da bazara.

Abin da ido zai riƙa dubawa

Icce mai aure yakan fidda toho a ƙasan tabo. Wannan na uwar gida ne, ba na amarya ba. Yana da ƙarfi, in ka bar shi zai rinjayi reshen da ka saya da tsada, icce ya koma na gida. Da ka gan shi, tsinke shi da yatsa.

Wani lokaci kuma dashe ɗan shekara ɗaya sai ya yi fure. Mai shi ya yi ta murna yana kiran maƙwabta. Cire furen. Mun san da ciwo. Amma icce bai yi ƙashi ba tukuna, in ya ɗauki ɗiya zai tsumbure. Bar shi sai shekara ta 3.

Gara takan kama iccen da ƙishirwa ta raunana. In ka ga hanyarta ta ƙasa a jikin icce, kankare ta, ka zuba toka a gindi, ko dakakken ɗiyan dogon yaro. A ganyen lemu kuma za ka ga wani abu kamar kashin tsuntsu. Duba da kyau, tsutsa ce, ɗiyar malam-buɗe-littafi. Guda 3 sun isa su cinye ganyen ƙaramin lemu. Tsince su da hannu, ba sai ka sayi magani ba.

Akwai wani ƙuda da yake huda mangwaro da gwaiba ya sa ƙwai a ciki. Waje lafiya, ciki tsutsa. Mafi ɓarna a cikinsu daga Asiya ya zo. An fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya cikin 2003, kafin shekara 2 ya iso Afirka ta yamma. Tsutsar tana fita daga ɗan da ya faɗi, ta shiga ƙasa, ta fito ƙuda. Don haka kar ka bar ruɓaɓɓun ɗiya a gindin icce. Tsince su kullum. Ka binne su cikin rami mai zurfin kamu ɗaya, ko ka ɗaure su cikin baƙar leda ka aje a rana kwana 2 ko 3. Wannan aiki sai an haɗa kai da maƙwabta, don ƙuda bai san katanga ba.

Gwanda tana da nata hali

Gwanda ba ta son a tumɓuke ta a sake mata wuri. Shuka ta inda za ta zauna. Ɗebi iri daga gwanda mai daɗi wadda ta nuna sosai, ka murza shi da toka ya rabu da yauƙinsa, ka shanya a inuwa. Sa ƙwaya 3 ko 4 kowane rami. Dalili shi ne gwanda tana da namiji da mace, kuma ba a gane su sai sun yi fure. Furen namiji ƙanana ne da yawa, suna reto a kan dogon sili. Furen mace babba ne, yana zaune jikin icce, a hammatar ganye. Akwai kuma mai haɗe da duka biyu, ita ma tana haihuwa. In sun yi fure, bar mace, ka sare sauran. Namiji ɗaya ya ishi mata 10. Kar ka kashe maza duka in babu wani a unguwa.

Tana son ruwa, amma in ruwa ya kwanta a gindinta kwana 2, saiwa ta ruɓe ta faɗi. Yi mata ɗan tudu. Bayan shekara 3 ko 4 za ta yi tsawo, ɗiya su ƙanƙance. Kafin nan ka riga ka shuka wata.

Ke uwargida, ga abin da ya shafe ki. Gwanda da mangwaro nunannu suna da sinadarin bitamin A, wanda rashinsa yake kawo dundumi, yaro ya kasa gani da magariba. Gwaiba da lemu suna da bitamin C, mai hana dasashi zubar jini, kuma gwaiba ta fi lemu yawansa. In icce ya haihu, a fara ba yaran gida da mai ciki da mai goyo. Abin da ya rage shi za a kai kasuwa.

Ku kuma mazauna birni, masu zaman haya a Yamai ko Maraɗi, da ba ku da ikon gina rami a gidan wani, ku nemi rabin tano ko babbar tukunya da ta tsage. Ku huda gindi wuri 4 ko 5, ku sa tsakuwa, sannan ƙasa kashi 2, taki kashi 1. Mangwaro ba zai yi a ciki ba. Amma na'ana'a za ta yi, da ciyawar shayi mai ƙamshin lemu, da barkono, har ƙaramin lemun tsami in tanon babba ne. Tukunya tana bushewa da sauri fiye da ƙasa, tana son ruwa kullum da bazara. Ku aje ta inda take samun ranar safe, inuwar bango ta rufe ta da azahar.